Asabar a Kafanchan

Bayan asuba muka bar Kaduna, ni da Nura da Sadiq. A Kachia Sadiq ya sa aka tsaya ya sayi citta buhu guda, wai saƙon Umma ne, haka muka shaƙi yajinta har Zonkwa. An ɗaura aure lafiya, an ci waina da miyar taushe, ango sai washe baki yake. Wannan duk kun gani a hotunan Nura.

Masaukin ne labarin. Wani tsohon gidan baƙi ne na zamanin Turawa da aka gyara, can gefen unguwar ma'aikatan dogo. Kuma tsakani da Allah sun yi aiki. Bangon dutse mai kaurin gaske, rufi can sama, baranda ta zagaye gidan, tagogin katako an kankare su an sake shafa musu mai. Har murhun jin ɗumi na falo ba su toshe ba. Babu na'urar sanyaya ɗaki, ban kuma nemi ta ba, da la'asar ma sai da na ja bargo. Daga barandar baya ana hango dutsen Kagoro. Na ce wa Nura kuɗin masaukin sun halatta.

A falon an jera tsofaffin hotuna. Manajan, wani yaro mai fara'a, ya zagaya da mu yana bayani: yadda garin ya tashi da jirgin ƙasa, a 1927 nan ya zama mahaɗa, layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna ɗaya ya hau Jos, ana hawo da kwal ana sauko da kuza. Ya haddace abinsa. Akwai hoto ɗaya babba, Turawa zaune kan kujeru, a ƙasa an buga sunan kowa da muƙaminsa. Bayansu mutanenmu ne a tsaye cikin fararen kaya, su kuma an haɗe su a layi ɗaya, wai ma'aikatan gida. Na kalla na wuce.

Bayan magariba na fita bakin ƙofa, na tarar da maigadi yana dafa shayi. Dattijo ne sosai, gemu fari fat. Muka gaisa, ya miƙo min kofi.

“Ɗana, ka ga hoton nan na falo?”

Na ce na gani, Baba.

“Na biyu daga hagu, mai dara a ka. Mahaifina ne. Shi ne kukun gidan nan.”

Sai ya shiga ba ni labari. Kafin kiran assalatu mahaifin ya hura murhun itace, ya tafasa ruwan sha ya tace, ya gasa burodi. Su yara ba a yarda su wuce wancan mangwaron ba, ya nuna min shi da cokali, yana nan har yanzu. A gindinsa suke jira a miƙo musu gwangwanin madara da ya ƙare su lashe. Ya kawo min sunan mai wanki, da na mai ɗibar ruwa, da na wani dogo a ƙarshen layi wanda ya ce daga Makurdi ya biyo jirgi bai koma ba. Duk ya san su, har gidajen jikokinsu.

Na ce, “Baba, ka faɗa wa manaja?”

“Tun ranar da suke kafa ƙusa. Ya ce sai mai gidan ya zo daga Abuja.” Ya yi dariya. “Ai an kyauta ma. Da can ni ban taɓa shiga falon ba, yanzu kullum da safe sai na leƙa na gan shi.”

To, wannan dariyar ce ta tsaya min a rai. Shi ko a jikinsa, ni kuma raina ya ɓaci. An kashe kuɗi an nemo irin sakatar ƙofa ta da, an tono sunan Baturen da wataƙila ko jikokinsa sun manta ya zo nan, amma mutumin da ya san rabin hoton yana bakin ƙofa da tocila, ba wanda ya zauna da shi da biro da takarda.

Na koma na sami manajan. Ya saurare ni da ladabi, ya ce, “Yallaɓai, haka aka bugo su daga Legas da gilashinsu. Kuma baƙi sunan Turawan suke tambaya.” Nura ya ja ni gefe, ya ce biki muka zo ba shari'a ba. Sunayen dai suna cikin wayata, na sa Baba ya maimaita min su ɗaya bayan ɗaya, kuma na karɓi lambar mai gidan.

Ruwan zafi bai zo ba, da bokiti aka kawo. Sadiq na ta minshari ta bango. Gobe za mu je kallon ruwan Matsirga mai zubowa daga kan dutse in ya tashi da wuri, in bai tashi ba mu bar shi da cittarsa. Tayar baya ta hagu kuma tana saki, sai an nemi mai faci kafin mu kama hanya.