Ba kowace tsohuwar mota ce ke son 20W-50 ba

Wallahi abin nan ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, duk garejin da ka shiga ka ce za a yi wa motarka juyen baƙin mai, tun kafin ka rufe baki yaron bakanike ya ruga ya ɗauko galan ɗin man inji mai lamba 20W-50, wai ai mota ta tsufa sai mai kauri. To tsufan ma iri-iri ne fa.

In Fijo 504 ce irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba matsala, zuba mata 20W-50 ka kama hanya, injin zamanin ne. Amma Corolla 2003 zuwa 2008 ɗin nan 'yar Kwatano da ta cika gari, 5W-30 kamfanin ya ce a zuba, Honda Accord da ake kira EOD kuma wadda ta fito daga Amurka 5W-20 ne, sau da yawa ma yana rubuce ɓaro-ɓaro a murfin da ake zuba man, ba mai dubawa ne kawai. Injin VVT-i, irin na Corollar nan, da ƙarfin mai yake sauya lokacin buɗewar bawul, hanyoyin da man ke bi 'yan sirara ne, in ka ɗura mai kauri da safe sai ya ɗau lokaci kafin ya hau sama, ƙarfe na gugar ƙarfe kai kuma kana can kana gyara rediyo.

Sai a ce maka ai ƙasarmu zafi ne. Malam, injin da lagiretonsa ke lafiya kusan digiri 90 yake aiki, a Sakkwato yake ko a Jos. A lambobin mai irin 20W-50, ta farko mai W yadda man ke gudu ne in inji ya yi sanyi, ta biyun kaurinsa in ya ɗau zafi, shi ke nan.

Eh, in mota ta fara shan mai tana hayaƙi shuɗi za ka iya matsawa zuwa 10W-40 ka lallaɓa, amma sau da yawa ringi ne ya tafi, kaurin mai ɓoye ciwon kawai yake yi.

Ni da kaina nake juye yanzu saboda in san abin da ya shiga injina. Ka tada motar ta ɗan yi ɗumi, ka tsaya a wuri mai lebur, sifana 14 ke kwance notin ƙasa na Toyota, ka bari ya tsiyaye tas. Filta sabuwa kowane juye don Allah, ka shafa ɗan mai a robar bakinta ka ɗaure da hannu kawai. Kada ka kuskura ka shiga ƙarƙashin mota jek kaɗai na riƙe da ita. Corolla kusan lita 4 take ci, ka riƙa duba geji kana zubawa kar ya wuce layin sama.

Man awo na bakin titi kuwa ko kyauta ne ban so, jabu ya yi yawa, gara ka saya a gidan mai ko wajen dila, galan a rufe da hatiminsa, ka ga an rubuta API SL, wato alamar matakin ingancin man, ko sama da haka. Baƙin man da ka juye kar ka zubar a kwata, kafintoci na nemansa su shafa wa katakon rufi saboda gara.