Shekaru takwas da na yi a Holan baki a rufe

Makon jiya na raka ɗan ƙanwata wani kanti a Rotterdam, watansa huɗu ke nan da zuwa karatu. Mai karɓar kuɗi ta tambaye shi da Holanci ko yana son rasit, na ga alamar ya fahimta, amma ya amsa mata da Turanci, ita ma nan take ta koma Turancin. Da muka fito na ce, "Ɗana, me ya hana ka ce mata ja, graag, wato e, ina so?" Ya ce, "Kawu, ai kowa a nan yana jin Turanci, kuma kullum ina darasi a waya." Maganar ta tsaya mini a rai, domin da irinta na yaudari kaina.

Na yi kusan shekara takwas a unguwar Bijlmer ta Amsterdam ban iya jera jimla uku ba. Ina da uzuri, kuma har yau ban ce ƙarya ba ne: aikin dare nake yi a sito, ana jiran saƙona a gida kowane wata, kuma abokan zamana 'yan Gana ne da 'yan Najeriya, Hausa da Turanci sun ishe mu. Su kansu mutanen ƙasar, da zarar sun ji harshenka ya karye sai su juya Turanci, suna ganin taimakonka suke yi. Amma maƙwabtana 'yan Suriname Holanci suke yi dare da rana, kuma babu ranar da na zauna da ɗayansu na ce ya gyara mini. Girman kai ne ya hana ni. Na ji kunyar a ga magidanci yana kakarin harafin g daga maƙogwaro kamar yaron da ya fara koyon magana.

Ranar da abin ya ci ni, 'yata ce ba ta da lafiya. Na buga waya wurin likita, aka ce in kawo ta half drie, na ɗauka uku da rabi ake nufi, alhali a lissafinsu saura rabin awa uku ta cika, wato biyu da rabi. Na isa da yarinya jikinta zafi rau, lokacinmu ya wuce da awa guda. Ko wannan bai kai ciwon ganawar minti goma da malamar makarantarta ba, inda yarinyar da aka kira ni a kanta ita ce ke yi mini tafinta. Ina iya cewa laifin gajiya ne, kuma akwai gajiyar, sai dai waɗanda muka yi aikin dare tare sun koya.

Ku matasan da kuka zo Holan kwanan nan, na yi niyyar jero muku shawarwari da yawa, amma da na zauna sai na ga kaɗan ne. Idan aka juya muku Turanci, ku ce Ik wil graag Nederlands oefenen, wato ina so in gwada Holancina, sannan ku ci gaba ko da kuna tuntuɓe. Ku je ɗakin karatu na unguwarku ku nemi taalcafé, inda 'yan sa-kai ke zama hira da masu koyo. Ku ajiye littafin nahawu, domin ba ya saya wa kowa burodi. To amma kuma duk sunan da kuka koya ku haddace shi tare da de ko het ɗinsa, wato ƙaramar kalmar da ake sa wa suna a gaba kamar the na Turanci, ku riƙe cewa babba da baƙo u ake ce musu, ba je ba, wadda ita ce kai ko ke ta tsakanin abokai, kuma wannan ma nahawu ne, na sani. Lambobi ba za su wahalar da wanda ya yi Islamiyya ba, domin vierentwintig huɗu da ashirin ne, kamar yadda Larabci ke gabatar da ƙaramar lamba.

Abin da ke ɓata mini rai da ku 'yan yanzu shi ne kun sami abin da ba mu samu ba, amma kunnenku a toshe yake da abin sauraro a cikin jirgin ƙasa, inda harshen ke zuba kyauta. Kuna ƙirga kwanakin da kuka jera kuna latsa waya, ba ku taɓa yi wa direban bas goedemorgen, wato ina kwana, ba. Wayar tana da amfani, ku kalli Jeugdjournaal, labaran yara, kowace yamma, amma ba za ta buɗe muku baki ba. Tun 1 ga Janairun 2022 doka ta ɗaga matakin da ake nema ga yawancin baƙin da aka wajabta wa koyon harshen daga A2, matakin 'yan koyo, zuwa B1, matsakaicin mataki. Ɗalibi ba ya cikinsu, amma ɗalibai nawa ne suka zo da niyyar shekara biyu suka zauna?

Na gaya wa yaron cewa ranar Asabar za mu kasuwar Blaak da ke Rotterdam, shi zai tambayi kuɗin kifi da albasa, ni kuwa ba zan sa baki ba. Na ce mu haɗu half tien, kuma ban fassara masa ba.