Tarihin Rayuwar Norman MacLeod na Dunvegan, Kashi na 4: Kujerar Landan

A makon jiya mun tsaya a kan jirgin ruwan nan na 1739, kuma ba na jin za mu rabu da shi yau ma. Mutum kimanin 100, yawancinsu mata da yara, aka kwasa daga tsibiran Skye da Harris na ƙasar Sikotlan, aka loda su a jirgin William da nufin kai su gonakin Amurka a sayar. Talakawan Norman ne, shugaban dangin MacLeod mai gidan sarauta a Dunvegan ta Skye, da na maƙwabcinsa, Sir Alexander Macdonald na Sleat. Allah ya sa jirgin ya yada zango a Donaghadee ta ƙasar Ailan, mutanen suka tsere, asiri ya tonu. Norman ya rubuta wa Duncan Forbes na Culloden, shugaban babbar kotun Sikotlan, yana cewa ba hannunsa. Ba a taɓa gurfanar da shi ba. Shekara biyu kacal bayan haka, a 1741, shi ne ya tafi majalisar Birtaniya a matsayin wakilin gundumar Inverness.

Kada mai karatu ya ɗauka talakawan Skye ne suka tura shi. Tun haɗewar Sikotlan da Ingila a 1707, kujeru 45 aka ware wa Sikotlan a majalisar wakilai. A gunduma, ba ka da ƙuri'a sai kana riƙe da ƙasa kai tsaye daga hannun Sarkin Birtaniya, kuma mizanin da aka fi bi shi ne darajar ƙasar a littafin haraji ta kai fam 400 na kuɗin Sikotlan. Masu wannan hali a gundumar Inverness ba su cika 100 ba. A ɗaki ɗaya ake tara su, kowa ya faɗi zaɓinsa da baki a gaban kowa. Lord Lovat, shugaban dangin Fraser, shi ya tsaya wa Norman har ya karɓi kujerar daga hannun Sir James Grant. Lovat ɗin nan ne aka sare wa kai a Landan a 1747, Norman kuwa yana kan kujerarsa har 1754.

A wancan zamani ba a biyan ɗan majalisa ko kwabo. Sai a 1911 aka fara albashi. Haya a Landan, sutura, liyafa, ga caca da giya da Norman ya sa a gaba, duk daga Skye kuɗin ke fitowa, Skye kuwa shanu gare ta. Shugaban dangi yakan ba 'yan'uwansa na jini riƙon yankuna na wasu shekaru, su kuma su yanka wa talakawa gonaki da makiyaya. Galibin abin da talaka ke biya hatsi ne, da man shanu, da cuku, da aikin ƙarfi, waɗanda ba sa biyan bashi a Landan. Tsabar kuɗi sai an sayar da baƙaƙen shanun tsibirin.

Da kaka ake kora su zuwa mashigin Kylerhea, ruwan da ya raba Skye da babban yankin Sikotlan. A ɗaure igiya a muƙamuƙin saniya na ƙasa, a ƙulla ta a wutsiyar ta gabanta, shida zuwa takwas a jere. Mutum ɗaya a bayan kwalekwale ya riƙe igiyar ta farko, matuƙa su ja, shanun su bi da iyo. Dole a jira lokacin da igiyar ruwa ta lafa, in ba haka ba ruwa ya tafi da jerin gaba ɗaya. Daga nan sai tafiyar makonni a ƙasa, mil 10 zuwa 12 a yini don kada su rame, har kasuwar Crieff. Fatake sukan karɓi shanun bashi da takardar alkawari. In kasuwa ta faɗi, takardar ta zama banza. In hunturu ya yi tsanani, shanun ma ba sa kai kaka. Shi kuwa mai bin Norman bashi ba ruwansa da hunturu. Sai jinginar da ƙasa, sai ƙarin kuɗin riƙo, har aka kai ga babban ƙarin 1769 da ya sa 'yan'uwan nasa suka fara kwasar iyalansu zuwa Carolina ta Arewa. Waɗanda jirgin William bai kai ba, haraji ya kai 'ya'yansu.

Na yi gaba da yawa, mu koma 1745. Da Yarima Charles Edward Stuart ya sauka a tsibirin Eriskay a watan Yuli don ƙwato gadon sarautar kakansa, yana sa ran dangin MacLeod za su fito masa. Norman ya aika wa Forbes labarin isowarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma ni ban ga yadda mutumin da aka rufa wa asirin jirgi zai ce wa Forbes a'a ba. Ya tara wa gwamnati ɗaruruwan mayaƙa, Lord Lewis Gordon na ɓangaren Yariman ya fatattake su a Inverurie ranar 23 ga Disamba. A Fabrairun 1746, cikin dare a Moy, wasu 'yan tsirarun mutane suka firgita rundunar gwamnati da Norman ya bi, harsashi ya kashe Donald Ban MacCrimmon, mabushin gidan Dunvegan, ɗan zuri'ar da ta gaji yi wa iyayen Norman busa.

Bayan yaƙin Culloden, inda aka murƙushe tawayen Yariman, majalisar da Norman yake zaune a cikinta ta haramta wa mazan tsaunuka sa tufafinsu na gado, ta kuma ƙwace ikon shari'a daga hannun masu riƙe da shi ta gado. A daidai shekarun nan Allan Ramsay ya zana shi tsaye cikin yadin gadon nan mai ratsi-ratsi, wanda talakansa zai sha wata shida a kurkuku in ya sa. Hoton yana rataye a Dunvegan har yau. Mutanensa kuwa laƙabin Mugun Mutum suka ba shi, kuma ya bi shi.

Ya rasu a 1772 a St Andrews, can nesa da tsibirinsa, ya bar wa jikansa matashi bashin kusan fam 50,000. A 1779 aka sayar da Harris a kan fam 15,000. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko zancen matarsa ta fari, Janet Macdonald, da abin da mutanen Skye ke faɗa game da kurkukun ƙarƙashin gidan.