Abin da gyaran injin wanki ya koya mini game da ruwa

Kiran da ya fi shigowa wayar mai gyaran injin wanki iri biyu ne. Ko dai a ce injin ya ƙi shan ruwa, ko a ce ya gama wanki ya ƙi zubarwa, kaya suna ciki a jiƙe, ƙofa kuma ta ƙi buɗuwa. Mafi yawan masu kiran sun riga sun yanke hukunci cewa fanel ne ya ƙone. Fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, yana cikin abubuwa mafi tsada a jikinsa, kuma shi aka fi ɗora wa laifin da bai ji ba bai gani ba. A wannan sana'a da nake yi a Kano, babban abin da na koya shi ne a bi sawun ruwa tun daga tankin gida har zuwa kwata kafin a kwance ko da noti ɗaya.

Maigidana da ya koya mini aiki ba ya bari yaro ya taɓa injin sai ya cire tiyo daga bayansa, ya sa a bokiti, ya buɗe kan famfo. Yakan ce, "Yaro, ka fara ganin abin da gidan ke ba shi tukuna." Dalilinsa yana cikin yadda aka ƙera bawul ɗin shigar ruwa. Wuta ba ita ke buɗe hanyar gaba ɗaya ba. Tana ɗaga wani ɗan ƙarfe ne kawai ta buɗe 'yar kafa, sai ƙarfin ruwan da kansa ya ture robar da ta tare hanya. Shi ya sa littattafan yawancin injuna masu ƙofa a gaba suke neman ƙarfin ruwa, wanda ake aunawa da bar, ya kai aƙalla bar 0.5, wasu ma bar 1. Tsayin mita 10 na ruwa shi ke ba da kusan bar 1. To, tankin da ke kan ƙarfe mai mita 3 ko 4, kamar yadda yake a gidajenmu da yawa, bai wuce bar 0.3 zuwa 0.4 ba. Idan injin yana saman bene, tanki kuma yana kan rufin da ke bisa kansa, abin ya fi muni. Ruwa zai riƙa tsiyaya, lokacin da injin ya ware wa cikawa ya ƙare, sai lambar matsala ta fito a fuskar injin: LG ya nuna IE, Samsung ya nuna 4E ko 4C, Bosch ya nuna E17. Lafiyar injin ƙalau. An ƙera shi ne don gidan da ruwan famfo ke zuwa da ƙarfi dare da rana. Maganin shi ne a ɗaga tanki ko a sa ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, kuma ina gaya wa masu gida haka ko da wannan aikin mai haɗa famfo ne, ba nawa ba.

A bakin bawul akwai 'yar rariya ta roba. Yashin rijiyar burtsatse, gansakukar tankin da aka daɗe ba a wanke ba, da ƙurar hunturu idan murfin tanki a buɗe yake, duk a nan suke taruwa. Ana zaro ta da filaya a hankali, a goge da tsohon buroshin haƙori, a mayar. Na sha samun injin da wani ya cire rariyar ya yar don ruwa ya ƙara gudu, kuma wannan abu yana ɓata mini rai, domin ƙwayar yashi ɗaya ta maƙale ƙarƙashin robar ta isa ta hana bawul rufewa. Daga nan sai a wayi gari a tarar da ruwa kwance a cikin injin da ba a kunna ba.

Idan ruwa ya ƙi tsayawa, akwai gwaji mai sauƙi. Yana cikin sha ka zare fulogi. In ruwa ya ci gaba da shiga, bawul ne ya maƙale. In ya tsaya, to wani abu ne ke ba shi umarni ya ci gaba, kuma galibi na'urar auna yawan ruwa ce. Tana sama, an haɗa ta da ƙasan tukunyar injin da siririn tiyo wanda iska kawai ke ciki. Ruwa na hawa, yana matse iskar, na'urar ta gane an cika. Idan ɓera ya ci tiyon, ko ya tsage, iska ta zurare, injin ba zai taɓa sanin ya ƙoshi ba. Idan kuma dattin sabulu ya toshe shi, yana iya ɗauka akwai ruwa alhali babu, ya ƙi sha, ko ya ƙi matsa kaya. Fanel yakan lalace, musamman inda wuta ke hawa da sauka, amma ba na kai masa zargi sai mitar awon wuta ta nuna mini cewa ƙofa ta kulle, bawul lafiya, kuma wuta ba ta isowa gare shi.

Tiyon fitar da ruwa ma yana da nasa rikicin, kuma ya fi ba mutane mamaki. Injin mai ƙofa a gaba yana son bakin tiyonsa ya ɗaga kimanin santimita 60 zuwa 100 daga ƙasa. In aka shimfiɗe shi a ƙasa zuwa kwata, ruwan da ke shiga ta sama yana fita ta ƙasa, kamar yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo, sai injin ya yi ta sha ba ya cika har tankin gida ya ƙare. Amma da yawa daga cikin masu murfi a sama, da masu tukunya biyu, ba su da famfon turo ruwa sam. Wata roba ce ake janyewa ruwa ya gangara da kansa, don haka nasu tiyon dole ya kwanta. Wanda ya saba da wancan ya sayi wannan, sai ya rataye tiyo a bango ya ce sabon injin ba ya zubar da ruwa.

A wani gida a unguwarmu na tarar da OE, lambar da ke nuna ruwa ya ƙi fita, a fuskar injin, ruwa har rabin gilashi. Na cire fulogi, na buɗe 'yar ƙofar da ke ƙasa ta gaba, na zaro ɗan tiyon gaggawa na riƙa tara ruwan a faranti ina juyewa a bokiti har ya ƙare, sannan na murɗo matatar. Zariyar wando ce ta nannaɗe fankar famfon, ta tattaro fil ɗin hijabi da duwatsun leshi da safar jariri guda. Uwargidan ta leƙo ta ce, "Malam, wannan safar tun watan jiya nake nemanta." Na ce, "Hajiya, ƙananan kaya irin wannan a riƙa sa su a jakar raga, a kuma duba aljihu." Ba a sayi komai ba ranar. A injunan gwanjo da aka shigo da su daga Turai har kwandalar yuro nakan samu a wannan wurin.

Kunne yana taimakawa sosai a nan. Famfon da ke gurnani ba ya juyawa, ko wani abu ya riƙe shi ko wuta ta yi ƙasa, don haka nakan auna soket kafin na zarge shi. Wanda ke juyawa da ƙara ruwa bai fita, ko fankar ta kwance daga sandarta ko tiyo ya toshe, ko kuma kumfa ce ta cika shi, abin da ke faruwa idan aka zuba garin sabulun wankin hannu a injin mai ƙofa a gaba. Wanda ya yi shiru ɗif sai a sa masa mita. Irin wanda aka saba gani yakan nuna wajen om 150 zuwa 250 a mita idan wayar cikinsa lafiya take, kuma in ka juya fankarsa da yatsa za ka ji tana tsalle-tsalle saboda maganaɗisu. Wannan tsallen alamar lafiya ce.

In ta tabbata sai an sayi kaya, ba na zuwa Sabon Gari da sunan kamfani kawai a baki. Nakan ɗauki hoton takardar lamba da ke manne a bakin ƙofa ko bayan injin, na kuma tafi da tsohon abin a hannu. Abu na farko da nake karantawa a jikinsa wuta ce. Namu volt 220 zuwa 240 ne, 50Hz. Injin da ya fito daga Amurka na 120 ne, 60Hz, kuma bawul ɗinsa kamarsu ɗaya da namu a ido, amma ka sa shi a wutarmu zai ƙone nan take. Wasu sababbin injuna kuma famfonsu na DC ne, wato wuta irin ta batir, ba ya musanyuwa da na da. Bayan wuta sai yawan bakin bawul, ɗaya ko biyu ko uku, da inda suka fuskanta, da irin kan wayar.

Famfo ya fi sauƙin samu, domin kamfanoni irin su Askoll da Plaset na Italiya suna ƙera wa masu injuna daban-daban. In ƙarfinsa ya yi daidai, wajen wat 30 zuwa 40, mazauninsa kuma ya dace, zai yi aiki ko da sunan da ke jikin injin daban ne. Na'urar auna ruwa ce ba na yarda a yi mata "wannan ma zai shiga," saboda kowace an saita ta ne da girman tukunyar da aka yi ta dominta. Tsakanin na asali na gwanjo da sabo marar suna mai arha, nakan zaɓi na gwanjon in mita ta wanke shi kuma robarsa ba ta bushe ba. Jabun yakan yi sakayau a hannu, ya yi saurin zafi. Nakan gaya wa mai injin wanne na sayo da kuɗinsa, na bar masa tsohon, kuma ba na karɓar ladan aiki sai injin ya sha ruwa, ya ɗauraye, ya zubar, ya matse a gabansa, na kuma zura hannu ƙarƙashinsa na ji ko'ina a bushe.