Ku riƙa juya ganye kafin ku fesa magani

Tunda na fara ɗan lambuna abin da ya fi ɗaga min hankali shi ne ƙwari, gaskiya. Ka tashi da safe ka ga ganyen tumatir ya naɗe yana yauƙi, tururuwa na hawa suna sauka, to juya ganyen ka duba ƙasansa, yawanci darɓa ce (wasu ƙananan ƙwari masu taruwa a ƙasan ganye) take tsotse ruwan shukar, su kuma tururuwan zaƙin da take fitarwa suke bi. Ni ruwa kawai nake fara watsa mata da ƙarfi, in ta ƙi sai na dama sabulu kaɗan a ruwa ko na jiƙa dakakken ganyen darbejiya na tace, na fesa da yamma don rana kar ta ƙona ganyen, kuma a reshe ɗaya nake gwadawa tukunna. Tsutsa mai huda ganye kuwa da hannu nake tsince ta. Don Allah masu fesa maganin kemikal ku sa safar hannu da takunkumi, ku karanta kwana nawa za a jira kafin a tsinki amfanin, kuma kar ku fesa kan fure, ƙudan zuma na mutuwa wallahi.