Yau na ɗora wa kwamfuta gadi, Alhaji ya mori abin

Garwa, Kamaru, Talata da dare.

Zafin yau ba a magana, wata na huɗu ne dai, tun ƙarfe tara fanka ke huro iska kamar daga bakin murhu. Kwana huɗu kenan ina kan shafin intanet na wani Alhaji mai shagon atamfa a babbar kasuwa, kuma bawan Allahn nan bai gajiya da canjin launi. Ya turo murya ta WhatsApp wai koren ya yi duhu, na gyara, ya ce yanzu kuma ya koma ruwan ganyen zogale. Kowane gyara sai na adana fayil ɗin Sass, inda nake rubuta launuka da adon shafin, na koma taminal, tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, na buga umarnin da zai mai da shi CSS, yaren ado da burauza ke ganewa, na dawo burauza na sabunta shafi. Ƙanena da ke zama gefena yana koyo ya ce Yaya tun safe nake ƙirgawa, sau talatin ka buga abu ɗaya, to shi injin meye aikinsa? Wallahi na ji kunya, don na san maganin tuntuni, ganda ce kawai.

Toh sai na buɗe gulpfile, fayil ɗin da ake tsara wa Gulp aiki, manhajar nan da ke yi maka ayyukan maimaici, na sa gulp.watch, mai gadin fayiloli. Abin ba wuya, ka nuna masa fayilolin da zai sa wa ido, ka gaya masa aikin da zai yi in ɗaya ya motsa, shikenan. A ƙarƙashi wata ƙaramar manhaja mai suna chokidar yake amfani da ita, ita kuma a tsarin Linux tana dogara da inotify, mai ba da labarin canjin fayil, wanda ke cikin kanel, zuciyar tsarin, tun 2005, wato ba zagaye yake yana leƙa fayil ɗaya-ɗaya ba, tsarin ne da kansa ke taɓo shi ya ce an taɓa kaza. Har ɗan jira yake na milisakan 200 kafin ya tashi, don kar in ka adana fayil biyar a tare ya yi gini, aikin mai da su CSS kenan, har sau biyar. Wannan dabarar ta burge ni gaskiya.

Na adana, ya gina. Na yi murmushi na kalli yaron. Na sake adanawa, shiru. Na sake, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Na zargi editan da nake rubutu a ciki, na zargi Node da Gulp ke gudana a kansa, har na kashe injin na kunna, minti arba'in suka tafi a banza, ashe kalma ɗaya na manta, return, wadda ta nan Gulp ke sanin aiki ya ƙare. Gulp 4 sai aikin ya sanar da shi cewa ya gama, in bai sanar ba yana nan zaune yana jiran na farko har tashin duniya, ba zai fara na biyu ba. Na sa kalmar, komai ya tafi daidai.

Da a nan na tsaya da lafiya lau. Amma kwaɗayi ya ja ni, na ce bari ya tsare folda gaba ɗaya, hotuna da JavaScript da duk tarkacen. Nan take ya watso min kuskuren ENOSPC, mai nufin wuri ya ƙare, gabana ya faɗi na zaci dis ɗin ajiya ne ya cika, na duba akwai fili sosai. Ashe adadin abin da inotify ke iya sa wa ido yana da iyaka, a tsohon injina 8192 ne, ni kuma na haɗa masa da node_modules, foldar kayan aikin Node mai fayil dubbai. Na ɗaga iyakar, wato fs.inotify.max_user_watches, zuwa 524288 kamar yadda kowa ke yi, kuskuren ya ɓace, sai wata sabuwa: yana rubuta CSS cikin dist, foldar da abin da aka gina ke sauka, ya ga an taɓa dist, ya sake gini, ya sake gani, ya sake, kamar kare na bin jelarsa. Daidai lokacin aka ɗauke kuran, wutar lantarki kenan, fankar injin na ihu, batir na zuba ina kallo. Na danna Ctrl da C da sauri na tsayar da shi. Na taƙaita shi kan src kaɗai, foldar fayilolin da nake rubutawa da hannu, wanda tun farko abin da ya kamata in yi kenan, ɗaga iyakar nan ma ban buƙace ta ba.

Bayan la'asar wuta ta dawo, na ƙara Browsersync, shi ne ke tura sabon CSS cikin burauza da kansa, har wayar da ke kan wifi ɗaya da kai tana gani. Muka sha foleren Inna mai sanyi, yaron na ta canja launi yana dariya.

Bayan magariba sai ga Alhaji da kansa kan moto daga Yelwa. Na miƙa masa wayata na ce ranka ya daɗe duba nan, na canja koren, ya canja a hannunsa. Ya ce ikon Allah, ɗana sake min. Ya gyara zama kan tabarma, kore, shuɗi, ruwan goro, ya koma kore, har aka kira isha'i bai zaɓa ba. Da zai tafi ya ce gobe ƙarfe goma zai zo da Hajiya, ita ta fi shi ido.