Jirgin Chapecoense, laifin wa?

Jiya da daddare a teburin mai shayi musu ya kaure kan jirgin 'yan ƙwallon Chapecoense na Brazil da ya faɗi kusa da birnin Medellin na Kolombiya a 2016, mutum 71 suka mutu, wai kawai don mai ya ƙare. Abokina ya kafe kan ƙaddara ce, na ce malam ba wanda ya ja da ƙaddara amma matuƙin nan fa yana da hannun jari a kamfanin LaMia mai jirgin kuma bai tsaya shan mai ba. To jami'an Bolibiya, inda jirgin ya taso, da suka bar shi ya tashi fa? Har shayina ya huce muna ta yi, ni dai golansu Follmann da aka yanke wa ƙafa ne ya tsaya min a rai.